An ce na warke daga sankarar tayirod, amma fargaba da ƙunci sun hana ni sakat

"Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Kaduna, shekaruna 39, ina da 'ya'ya huɗu. Bara aka gano cewa kumburin da ke wuyana sankara ce, aka yi mini aiki aka cire tayirod gaba ɗaya, daga baya aka tura ni Abuja na sha maganin aidin mai tururin nukiliya, wanda ake kashe ragowar ƙwayoyin cutar da shi. Yanzu kullum da safe ina shan ƙwaya ɗaya ta levothyroxine. Duk gwajin da aka yi sai a ce babu alamar cutar. Amma ni ban dawo yadda nake ba. Gabana yana yawan faɗuwa, zuciyata tana bugawa da sauri, ba na samun barci, kuka yana zo mini ba dalili, ko gidan biki ba na sha'awar zuwa. Idan ranar gwaji ta matso, ko abinci ba na iya ci. Maigidana yana cewa ai likita ya ce wannan sankarar mai sauƙi ce, in gode wa Allah in daina sa wa kaina damuwa. Wata ƙawata kuma ta ce iska ce ko sammu. Shin maganin ne yake sa ni haka, ko cutar ce ta dawo, ko kuwa ƙarancin tawakkali ne? In daina shan ƙwayar in gani?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Abin da kike son sani shi ne daga ina wannan hali ya taso, daga jiki ne ko daga zuciya, kuma me za a yi a kai. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe domin ita ce mai haɗari: kada ki daina shan ƙwayar, ko da na gwaji ne. Wanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya ba shi da wata hanyar samun sinadarin da tayirod ke fitarwa sai ta ƙwayar. Maganin yakan daɗe a cikin jini, kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, saboda haka a kwanakin farko ba za ki ga wani canji ba, har ki ɗauka ba ki buƙatarsa. Sai bayan mako biyu zuwa uku kasala, kumburin fuska, jin sanyi da nauyin tunani su taru miki, ƙuncin da kike gudu ya ninku.

Abin da aka cire da abin da aka maye gurbinsa da shi

Tayirod wata ƙaramar halitta ce a gaban wuya, ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum yana da maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadaran da likitoci ke kira T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, jinin al'ada, barci, har da kaifin tunani da yanayin rai. Akwai kuma wata halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke aika mata umarni ta hanyar sinadarin TSH: idan T4 ya yi ƙasa a jini sai TSH ya hau, idan ya yi yawa sai TSH ya sauka. Mai lafiyar tayirod jikinsa yana daidaita wannan da kansa dare da rana. Ke kuwa yanzu adadi guda kike samu kowace safiya, wanda likita ya ƙiyasta, kuma ƙiyasin yana iya ɗan wuce bukatarki ko ya gaza.

A nan ne mafi yawan marasa lafiya ba a yi musu cikakken bayani ba. Bayan aikin sankarar tayirod, likitoci da gangan suke ba da maganin ya ɗan fi abin da jiki yake bukata, domin a danne TSH. Dalili shi ne TSH yana iya zuga duk wasu ƙwayoyin sankarar da suka yi saura su girma. A mafi yawan ɗakunan gwaji, TSH na mai lafiya yana tsakanin kimanin 0.4 zuwa 4.0, amma mai cutar da ake jin tsoron dawowarta akan riƙe nasa ƙasa da 0.1. Wannan dabara tana da amfani, sai dai tana da tsada a jiki: bugun zuciya da sauri, rawar hannu, gumi, rashin jure zafi, rashin barci, saurin fushi da faɗuwar gaba. Rabin abin da kika lissafa a wasiƙarki yana cikin wannan jerin. Mace takan zo mini tana cewa ta zama matsoraciya, ko ƙofa aka buga sai gabanta ya yanke ya faɗi, idan na duba takardar gwajinta sai in tarar TSH ɗinta ya yi ƙasa sosai tun watanni, kuma babu wanda ya sake waiwayar adadin maganin tun da aka sallame ta.

Dannewar nan ba dole ba ce ta dawwama a mataki ɗaya. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta fitar a 2015 sun ce wanda haɗarin cutarsa kaɗan ne, kuma gwaje-gwajensa suka nuna jinyar ta yi kyau, ana iya sassauta masa har TSH ya koma tsakanin 0.5 zuwa 2.0. Daɗewa ana danne shi ba tare da bukata ba yana iya jawo rikicewar bugun zuciya, da raunin ƙashi musamman ga matan da suka daina al'ada. Saboda haka a ganinki na gaba da likita ki tambaye shi kai tsaye: nawa ne TSH ɗina, nawa kuke son ya kasance, kuma har yaushe? Wannan haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Ko sassautawar ta dace da ke, wannan ya dogara da irin sankarar, girmanta, da ko ta kai ga kaluluwar wuya, kuma wanda yake riƙe da fayil ɗinki ne kaɗai zai iya yanke hukunci.

Akasin haka ma yana faruwa, maganin ya yi kaɗan, sai mutum ya wayi gari cikin kasala, mantuwa, ƙiba, bushewar fata, taurin bayan gida da mutuwar zuciya, abin da ya yi kama da ciwon damuwa ƙwarai. Sau da yawa ba adadin da aka rubuta ne matsalar ba, yadda ake shan maganin ne. Levothyroxine yana son cikin da babu komai, da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wadda ta haɗiye shi da shayi mai madara, ko ta bi shi da awara ko madarar waken soya, ba duka ne zai shiga jininta ba. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam da ruwan maganin gyambon ciki suna riƙe shi a hanji, shi ya sa ake son a raba tsakaninsu da awa huɗu. Zafi da laima suna rage masa ƙarfi, kuma kin san yadda Kaduna take a watan Maris da Afrilu, don haka ba a ajiye shi a madafa, kan taga ko cikin mota. Idan aka je kemis aka tarar babu samfurin da aka saba da shi aka karɓi na wani kamfani, yana da kyau a sanar da likita. A watan azumi kuma sai a tsayar da lokaci guda, ko dai kafin sahur da tazarar da na ambata, ko lokacin kwanciya bayan awa uku da cin abinci. Duk lokacin da aka canza adadi, sai an jira mako shida zuwa takwas kafin gwajin jini ya nuna gaskiyar lamari.

Akwai abu na biyu da nake son a auna miki, wato kalsiyam. A bayan tayirod akwai wasu ƙananan halittu guda huɗu masu kula da shi, kuma aikin cire tayirod yakan taɓa su, wani lokaci na ɗan lokaci, wani lokaci na dindindin. Idan kalsiyam ya yi ƙasa, mutum yakan ji tsikari a leɓe da yatsu, murɗewar tsoka, tare da fargaba da rashin natsuwa. A haɗa da awon ƙarancin jini da na sukari, a kuma tambaye ki yadda al'adarki take zuwa.

Game da tsoronki na cewa cutar ce ta dawo, faɗuwar gaba da kuka ba su ne alamunta ba. Ana gane dawowarta ne ta sabon ƙullutu a wuya, ko hawan sinadarin thyroglobulin a jini, wanda ƙwayoyin tayirod da na sankararta ke fitarwa, ko abin da hoton wuya ya nuna, kuma kin ce waɗannan duka lafiya lau.

Idan gwajin jini ya fito daidai fa

Ba na so ki bar nan da tunanin cewa gyara adadin ƙwaya zai kawar da komai. Wasu yana kawar musu, wasu yana ragewa ne kawai, wasu kuma gwajinsu daidai yake amma ƙuncin yana nan. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa waɗanda suka tsira daga sankarar tayirod suna fama da fargaba da raguwar jin daɗin rayuwa kusan daidai da masu wasu sankarorin da suka fi ta kisa. Wannan ya ba likitoci da yawa mamaki, domin irin da aka fi samu, wanda ake kira papillary, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shi suna raye bayan shekara goma.

A ganina, maganar nan ta cewa "sankara ce mai sauƙi" tana cikin abubuwan da ke jawo matsalar. Mu likitoci mukan faɗe ta da kyakkyawar niyya, don mu kwantar da hankali, kuma ta fuskar tsawon rai gaskiya ce. Amma idan ta isa gida sai ta zama wani abu dabam. Dangi sukan ji cewa ba wani ciwo ba ne, 'yan dubiya su ɗauke ƙafa da wuri, a koma jiran mace ta ci gaba da girki da renon yara da aiki kamar cire haƙori aka yi mata. Ita kuma an gaya mata tana da sankara, an yanka wuyanta, an killace ta, an ce za ta sha magani har ƙarshen rayuwarta, sannan ba ta da bakin yin ƙorafi, domin da ta buɗe baki za a tuna mata da masu sankarar mama. Sai ta haɗiye, ta ƙara wa kanta da zargin cewa ita butulu ce ga ni'imar Allah. Wannan zargin kai yakan fi fargabar cin rai.

Ki dubi abin da kika bi ta cikinsa. Kafin shan aidin mai tururin nukiliya akan dakatar da levothyroxine na mako uku zuwa huɗu don TSH ya hau, kuma a wannan lokaci mutum yana shiga matsanancin ƙarancin sinadarin, da kasala da ƙunci waɗanda wasu ba sa mantawa. Bayan an sha, sai a keɓe mutum na wasu kwanaki, ba rungumar yara, ba kwana ɗaki ɗaya. Da yake wuraren da ake wannan magani a Nijeriya kaɗan ne, irin su Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da asibitin koyarwa na Ibadan, akwai tafiya, masauki da kuɗin da wataƙila har yanzu ana biyan bashinsu. Na ga matan da maƙwabta suka ci gaba da ƙyamar kwanonsu watanni bayan tururin ya fita daga jikinsu, alhali sankara ba a ɗaukarta, kuma killacewar ta 'yan kwanaki ce. Ga tabon wuya, wanda a fatar baƙar fata yakan tashi ya yi tudu, har mace ta riƙa naɗe mayafi ko a cikin ɗakinta. Ga murya: jijiyar da ke motsa maƙogwaro tana bi ta jikin tayirod, kuma ko ba a yanke ta ba murya takan yi rauni ko ta riƙa gajiya da wuri. Ga malamar da take tsayawa gaban aji mai cike da yara, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Idan kina da wannan matsala, ki nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya duba ki, ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan cikin Kaduna.

Akwai kuma abin da mata ba sa faɗa sai an rufe ƙofa, wato tsoron cewa ba za su sake haihuwa ba, ko za a yi musu kishiya saboda sun zama masu jinya. Akan ce a jinkirta ɗaukar ciki wata shida zuwa goma sha biyu bayan shan aidin, bayan nan mace tana iya haihuwa lafiya. Levothyroxine ba ya cutar da ɗan tayi ko mai shan nono, sai ma ƙara adadinsa da ake yi da zarar an samu juna biyu.

Rashin cin abincin da kike yi idan ranar gwaji ta matso kuwa sananne ne ga duk masu bibiyar sankara. Idan yana zuwa ya wuce bayan an karɓi sakamako, ba cuta ba ne. Abin da ke rage shi shi ne a taƙaita jira: ki yi gwajin kusa da ranar ganin likita, ki je da wanda kika yarda da shi, ki kuma daina shafa wuyanki sau goma a rana kina neman ƙullutu, domin duk dubawar da kika yi tana ba ki sauƙi na minti kaɗan ne, sannan ta ƙara wa tsoron ƙarfi.

Yaushe damuwa take zama ciwo

Muna kiran abu ciwon damuwa idan mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin baƙin ciki ko mutuwar sha'awar abubuwan da a da suke faranta masa, tare da rikicewar barci da cin abinci, gajiya, kasa tattara hankali, ganin kansa ba shi da amfani, ko tunanin gara ya mutu. Ciwon fargaba kuma tsoro ne da mutum ya kasa tsayar da shi, wanda ya wuce girman abin da ake tsoro, har ya hana aiki ko barci. Sukan zo tare. Akwai takardun tambayoyi gajeru da ake aunawa da su, PHQ-9 mai tambaya tara da GAD-7 mai tambaya bakwai, kuma maki 10 ko sama a kowannensu yana nuna a zurfafa bincike. Wahalar da ke tattare da masu tayirod ita ce gajiya, bugun zuciya da rashin barci suna iya fitowa daga kowane ɓangare. Shi ya sa nake ba da muhimmanci ga alamun da ƙwaya ba ta cika kawo su ita kaɗai ba: kuka, guje wa mutane, zargin kai da yanke ƙauna. Biyu daga ciki suna cikin wasiƙarki. Ban gan ki ba, ban ga takardunki ba, saboda haka ba zan ce kina da ciwon damuwa ba, amma abin da kika rubuta ya isa a zauna da ke a auna, ba tare da an jira a gama gyaran TSH tukuna ba. Ana iya bin hanyoyin biyu lokaci guda.

Batun tawakkali kuwa, Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma babu mai cewa imaninsa ne ya yi rauni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ki riƙe addu'a da azkar ɗinki, suna natsar da zuciya. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne duk mai maganin da zai ce ki ajiye ƙwayarki, ko ya ba ki jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ƙawarki ta faɗi abin da ta sani ne, amma alamun da kika lissafa suna da sanadin da ake iya aunawa a jini da kuma zantawa.

Magani yana da hawa-hawa. Ga mai matsakaicin hali, zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam yana aiki ƙwarai, inda ake koya wa mutum ya kama tunanin da ke tayar masa da hankali ya auna shi da hujja, ya kuma koma harkokinsa kaɗan-kaɗan ko da sha'awar ba ta dawo ba tukuna. Tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako tana rage gajiya da ƙunci, kuma rage shayi mai ƙarfi, kofi da goro yana rage bugun zuciya. Idan abin ya yi nauyi, akwai magunguna irin su sertraline da fluoxetine. Ba sa bugarwa, ba kayan maye ba ne, amma sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsu, a wasu lokuta fargaba takan ɗan ƙaru a makon farko, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, sannan a janye su sannu a hankali. Ana iya shan su tare da levothyroxine, sai dai a sake duba TSH bayan an fara. Wanda nake tsoro shi ne maganin barci irin diazepam da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, domin yana ba da sauƙi nan take, cikin 'yan makonni kuma jiki ya saba da shi ya kasa rabuwa.

Ki fara da likitan da yake bibiyarki, ki gaya masa abin da kika gaya mini ba tare da ragewa ba, domin idan kika ce "Alhamdulillahi, da sauƙi" zai duba takarda ne kawai ya sallame ki. Ana ganin masu irin wannan matsala a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Na san yadda sunan Barnawa yake a bakin mutanen Kaduna, amma da yawa daga masu zuwa can ma'aikata ne, 'yan kasuwa da matan aure da ke karɓar magani su koma gida a ranar.

Maigidanki ina ganin ba sakaci ne ya sa yake faɗin abin da yake faɗa ba, shi ma ya tsorata, maganar likita ce ya riƙe don ya samu natsuwa. Ki roƙe shi ya raka ki ganin likita na gaba ya ji bayanin da kunnensa, domin maza da yawa sukan sauya idan suka ga lamba a takarda. Abin da ake bukata daga gare shi bai wuce ya saurara ba tare da ya yi saurin yin nasiha ba, ya sauke miki wani ɓangare na aikin gida, ya kuma tabbatar maganin bai yanke ba ko da kuɗi sun yi wuya.

Akwai halin da ba a jiran ranar da aka ba ki. Idan zuciyarki ta riƙa bugawa ba bisa tsari ba, ko da ciwon ƙirji, haki ko suma, ko yatsunki suka ƙage suka ƙi miƙewa, ki tafi sashen gaggawa. Haka kuma idan tunanin cutar da kanki ko na barin duniya ya zo miki, ki gaya wa wani na kusa da ke a wannan rana, a kai ki asibiti, kada a bar ki ke kaɗai. Ranar da za ki ga likita kuma ki tafi da kwalin maganin da kike sha, da duk wani na ƙarin jini ko na gargajiya, da takardun gwajinki na baya a jere bisa kwanan wata.